Yadda muka fito da injin sassaƙar ƙarfe daga ɗakin ƙasa a Ohayo

Injin da ake magana South Bend ne mai inci 13 (faɗin ƙarfe mafi girma da zai iya juyawa kenan), gadonsa, wato dogon ƙarfen da sauran sassan suke zaune a kai, ƙafa shida, irin tsofaffin nan na ƙarfen zubi da ake sassaƙa shaf da bushi da yanka tiredi a kansu. Kamfanin wasu tagwaye ne suka kafa shi, John da Miles O'Brien, a 1906 a garin South Bend na jihar Indiyana, kuma injinansu sun cika makarantun koyon sana'a da ƙananan wuraren aiki a Amurka, shi yasa har yau in tsohon ma'aikacin ƙarfe ya rasu sai kaga 'ya'yansa sun sa hoton irinsa a Facebook suna neman mai zuwa ya ɗauke musu, kuɗin ma ba wani mai yawa ba, sabida sun san matsalar ba sayarwa bace, fitarwa ce. Wannan ɗin ma haka ne, yana cikin ɗakin ƙasa na wani gida a bayan garin Kolombus na jihar Ohayo, mahaifin matar dake saida shi ne ya saukar dashi shekaru masu yawa da suka wuce, ya rasu, za'a saida gidan, kuma dillali yace sai an kwashe komai. Ni kuma Kawuna dake aikin ƙarfe a Panteka a Kaduna ya daɗe yana cemin in naga irin wannan mai lafiya in saya masa.

Ga wanda bai san gidajen can ba, yawancin gidaje a jihohin arewacin Amurka suna da ɗaki a ƙarƙashinsu, dalili kuwa sanyi ne, ƙasa tana daskarewa lokacin hunturu dan haka dole a haƙa harsashin gini ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa, a Ohayo kusan mita guda ne, toh tunda an riga an haƙa sai a ƙara zurfi a maida wurin ɗaki. Nan ake sa injin ɗumama gida da na wanki, masu sana'ar hannu kuma nan suke aikinsu. Saukar da kaya mai nauyi ciki ba shi da wahala sosai dan nauyin ne da kansa yake kaishi ƙasa, kai dai ka riƙe. Hawo dashi shine aikin.

Nauyin injin gaba ɗaya wajen kilo 700 ne, buhun siminti goma sha huɗu kenan. Amma abinda yafi tsoratar dani ba yawan kilon bane, inda nauyin ya taru ne. Irin wannan injin dogo ne siriri, ƙafafunsa basu da faɗi, kuma kan injin da cok (abin dake kama ƙarfen da ake sassaƙawa) da gado duk suna sama daidai ƙugun mutum zuwa ƙirji, ga kuma ɓangaren hagu yafi na dama nauyi nesa ba kusa ba. A tsawonsa ba zai faɗi ba, amma ta gaba ko ta baya ɗan karkata kaɗan ya isa, kuma in ya fara tafiya babu ƙarfin ɗan Adam da zai tare shi, wanda yasa hannu ma shi zai danne. Ƙarfen zubi kuma baya lanƙwasa, karyewa yake, in ya faɗi ta fuska duk hannayen juyawa da akwatin gaban keke, wato ɓangaren dake ɗauke da wuƙar sassaƙa yana tafiya akan gado, sun tafi, kuma kayan gyaransa yanzu sai dai na hannu a eBay.

Kafin in biya ko sisi sai da naje da tef na auna wurin. Hanyar fita biyu ce. Akwai matakalar cikin gida, ta katako, mai kwana a tsakiya, tana ɓullowa kicin, wannan ko kallo na biyu ban mata ba, dan katakon gefenta an yanke shi gaɓa-gaɓa dan a ɗora matakai, an yi ta ne dan mutum da kwandon wanki, ga kwanar da gado mai ƙafa shida ba zai juya ba sai an miƙar dashi tsaye. Ta biyu tana bayan gida, matakalar siminti ce miƙaƙƙiya wadda take fita waje kai tsaye, da murfin ƙarfe mai ɓangare biyu a sama, ƙofar ƙasa faɗinta inci 32, gangarenta kuma dana auna tsawo da tsayi na lissafa ya kama wajen digiri 40. Rufin ɗakin bai wuce ƙafa bakwai ba kuma bututun iskar ɗumi sun ƙara cinye wani abu. Ta gefen gidan akwai siririyar hanyar siminti da a-kori-kura zata iya bi da baya har kusa da bakin matakalar, amma janwe mai kuren ba zata shiga ba sabida shinge da wayar wuta dake sama, wanda da ace zata shiga da aikin yazo da sauƙi, ta zura ƙugiya ta ɗago kawai.

Na kira kamfanin masu ɗaukar injina, wanda aikinsu kenan kuma suna da inshora, kuɗin da suka faɗa yafi kuɗin injin. Ban ga laifinsu ba, kuma gaskiya da ace matakalar cikin gida ce kaɗai hanya toh ko dai in biya su ko in haƙura da injin, babu na uku. Matakalar simintin nan ce tasa na yarda zamu iya.

Mu uku ne. Ni, da ƙanina ɗan baffana dake karatu a nan, ƙaƙƙarfa ne kuma yana ji da ƙarfin, sai Alhaji, wani dattijo ɗan Nijar da muke masallaci ɗaya, direban tirela ne shekara da shekaru yana ɗaure kaya masu nauyi, shi ya kawo sarƙoƙi da bel ɗin ɗaure kaya da a-kori-kurarsa. Tun a waya aka fara gardama. Ƙanina yace "Yaya ai ba sai an kwance ba, mu ɗora shi akan katako mu ɗaura igiya a motar Alhaji yaja a hankali, minti goma an gama." Kuma ba wauta zalla ya faɗa ba, akwai dalilin da yasa mutane basa son kwance inji, ana tsoron a kasa maida shi daidai yanda yake, saitinsa ya lalace. Sai na kira Kawu ta WhatsApp na juya masa kyamara yaga injin. Ya daɗe yana kallo yana cewa matsa nan, haska can, sannan yace "ɗana kwance shi, irin wannan kansa akan tudun gadon yake zaune mai siffar V, in ka goge wurin tas ka maida shi da kansa zai koma mazauninsa, abu ɗaya kar ka taɓa, kar ka buɗe murfin bushin sandal, sandar nan dake juya cok, akwai siraran shim na cike gibi a ƙarƙashi da auduga mai sifirin dake shayar da mai, in ka ɓata su ka jawo min aiki." Nace toh Kawu.

Maganar ja da mota kuwa Alhaji ne ya kashe ta. Yace direba baya ganin kayan, baya jin lokacin da abu ya maƙale, mota bata san ta tsaya a inci ɗaya ba, in katakon ya ciji bakin mataki motar zata cigaba da ja har sai wani abu ya tsinke, kuma abinda ya tsinke ɗin zai dawo da gudu ta inda mutane suke. Yace motar zata yi aiki amma a matsayin turke, a kashe, ba mai ja ba.

Lissafin da nayi a takarda shi ya ƙarasa gamsar da ƙanina. Akan gangaren digiri 40 kusan kashi 64 cikin ɗari na nauyin kaya yana jan kansa ƙasa ne kai tsaye, sannan ga gogayyar katako akan katako da zata ƙara wajen kashi 30, dan haka in ka tashi jawo kilo 700 sama sarƙarka tana ɗauke da fiye da kilo 650, wato gangaren bai rage maka komai ba, kusan daidai yake da ka rataye injin a sama. In kuwa an kwance, yanki mafi nauyi shine gado, da shi da katakon da za'a ɗaure shi akai basu fi kilo 250 ba, jan zai tsaya wajen kilo 240. Kuskure a kilo 240 ana iya gyara shi, a 650 sai dai a tsaya a kalla.

Kwancewar ita tafi cin lokaci amma bata da tashin hankali. Wuta muka fara kashewa daga babban akwatin gidan, muka gwada da testa, sannan da yake moton injin mai layi uku ne kuma gidajen can layi ɗaya ake basu, marigayin ya haɗa wata na'urar canza wuta a bango mai manyan kafasito, waɗannan suna riƙe caji ko bayan an kashe wuta, dan haka muka basu lokaci muka sake aunawa kafin a sa hannu. Duk waya sai da aka ɗau hotonta aka manna mata lamba. Cok ɗin na murɗawa ne akan tiredi kuma ya ciji sosai dan ya shekara ba'a cire ba, a nan mutane da yawa suke ɓarna, sai su kulle sandal da giyar baya su doka da guduma, haƙoran giyar su zube. Mu mai muka zuba masa muka barshi ya jiƙa, muka riƙe fulin da bel, muka sa dogon katako tsakanin haƙoran cok ɗin muka banƙara a hankali har ya saki, da falanki a shimfiɗe akan gado a ƙarƙashinsa dan in ya kuɓuce kar ya sari layin. Wutsiyar injin zamewa kawai tayi ta ƙarshen dama. Sai maƙallin dake riƙe doguwar sandar tiredi, sai akwatin gaban keke wanda muka tsiyaye mansa muka tokare shi da katako kafin a kwance sukurorinsa dan kar nauyinsa ya rataya akan sandar ya lanƙwasa ta, sai sirdin, sai akwatin giya. Sandar tiredin kanta a jikin miƙaƙƙen falanki muka ɗaure ta daga farko har ƙarshe, dan in ta ɗan lanƙwashe ko ido bai gani ba duk tiredin da za'a yanka nan gaba sai ya nuna. Bel ɗin fata da ya ratsa ta cikin kan injin ya sauka ƙasa wurin moto yanke shi mukai, ya riga ya tsufa. Kowane noti da sukuru a leda da rubutu da maka.

Waɗannan ƙananan duk da hannu aka hau dasu, mutum biyu, banda kan injin da ya kusa kilo 90 kuma ba shi da wurin kamawa mai daɗi, shi ma sai muka barshi ya bi hanyar manya.

Ɗaga gado daga kan ƙafafunsa shine wuri na farko da zuciyata ta buga. Ƙanina ya nuna katakon rufin ɗakin yace mu rataya cen bulok, abin ɗaga kaya mai sarƙa, a nan, Alhaji ya girgiza kai, katako ɗaya na daɓen gida ba'a yi shi dan a rataya masa kwata tan a wuri guda ba, kuma saman nan falon mutane ne da ake shirin saidawa. Mun zo da jak ɗin cire injin mota mai naɗewa, mun sauko dashi gunduwa-gunduwa mun haɗa a ƙasa. Abinda ya kamata kowa ya sani game da wannan jak ɗin, tan biyu da aka rubuta a jikinsa na lokacin da hannunsa yake a gajarce ne, in ka zaro hannun har ramin ƙarshe rabin tan ne kawai, kuma a rubuce yake a jikin hannun mutane ne basa karantawa. Mu a rami na biyu daga ƙarshe muka tsaya. Bel ɗin ɗagawa ta cikin haƙarƙarin gadon muka zura shi, da guntayen katako a gefe dan kar kaifin zubi ya yanke shi, kuma bamu bari bel biyun sun buɗe sosai ba, sabida in suka kwanta har kusurwarsu da ƙasa ta koma digiri 30 kowane ɗaya yana ɗauke da cikakken nauyin kayan ne ba rabi ba. Muka ɗaga kamar faɗin yatsa muka tsaya muka duba, ɓangaren hagu ya rinjaya, muka sauke muka matsar da bel, muka sake, sai da ya tsaya daidai sannan aka zare ƙafar dama da gindin hagu, wanda shi kanshi sai da aka tokare shi tukun dan da zarar gado ya rabu dashi ba abinda ke riƙe dashi. Nan take muka sauke gadon ƙasa. Ba'a tura jak da kaya a sama, tayoyinsa ƙanana ne, ɗan tsagin siminti ya isa ya tsaida su kayan ya cigaba da lilo.

Abin jan da muka haɗa katako biyu ne masu kauri inci huɗu-huɗu, an fiƙe bakinsu na gaba dan kar su ciji wani abu, an haɗa su da gicciye da dogayen bol masu noti ba ƙusa ba, gadon kuma aka ɗaure shi a kai da bol ta ramukan ƙafafunsa, layukan saman an shafe su da giris an rufe da kwali da falanki. A daɓen ɗakin guntayen fayif muka sa a ƙarƙashi muna mirginawa, wanda ya fito ta baya a maida shi gaba, da tsinken katako ake gyara fayif ɗin ba da yatsa ba. Akan matakalar kuma muka shimfiɗa falanki biyu masu kauri daga ƙasa har sama, ƙasansu ya tokari bakin ƙofa, aka haɗa su da gicciye ta ƙarƙashi wanda ya zauna a cikin matakan dan kar su zame ko su buɗe, aka kafa siraran katako a gefe-gefe su zama kamar layin da abin jan zai bi.

A sama Alhaji ya kawo motar da baya ya daidaita ta da matakalar, ya sa ta a fakin, ya ja hanbirki, ya sa weji a tayoyi huɗu, ya kashe ta ya zare makulli ya sa a aljihu. Kashewar tana da dalili na biyu, hayaƙin salansa zai gangara ne kai tsaye cikin ɗakin ƙasa inda iska bata fita. Bai yarda a maƙala sarƙa a ƙwallon jan tirela ba, yace wuyan ƙwallon yana iya karyewa ko sarƙa ta zame ta sama, cire shi yayi ya sa ƙarfe mai shakul, wato zoben da ake kullewa da fil, a cikin ramin. Abin ja kuma cen bulok ne mai hannu na tan ɗaya da rabi, irin wanda ake lilo da hannunsa, ba irin mai siririyar waya ɗin nan mai arha ba da haƙorinsa ke tsallakewa. Sannan sarƙa ta biyu daban, daga wani wuri daban a jikin shasin motar zuwa wani wuri daban a jikin abin jan, wadda aikinta kawai ta bi kayan tana jira.

Sai doka guda da Alhaji ya kafa kafin a taɓa komai, ya kalli ƙanina yace "ɗana, daga lokacin da katakon nan ya ɗora hanci akan gangare, babu mai tsayawa a bayansa, ko da hularka ce ta faɗi a wurin barta." Ramin matakalar faɗinsa bai fi mita ba, bango hagu bango dama, wanda yake ƙasa ba shi da wurin kaucewa. Ƙanina yaso ya tsaya a baya da ƙarfen banƙara yana taimakawa, yace zai rage wa sarƙa nauyi, aka ce a'a. Aikinsa ya zama ya tsaya cikin ɗakin ta gefen ƙofa, bango ya kare shi, yana leƙe yana faɗin abinda yake gani, in zai hawo sama kuma ya zagaya ta matakalar cikin gida. Kuma murya ɗaya ce ke bada umarni, ta Alhaji, amma kowa yana da ikon cewa tsaya.

Mun fara da kan injin dan mu gwada tsarin da abu mara nauyi sosai, ya hau lafiya. Muka yi sallar azahar muka ci abinci muka huta, dan bana son a shiga babban aikin da gajiya da yunwa, sannan aka ɗauko gado.

Matsalar cen bulok mai hannu sarƙarsa gajeriya ce, bata kai tsawon matakalar ba, dan haka dole a tsakiyar hanya a tsaya, a bar kayan akan sarƙa ta biyu, a saki ta farko a warware ta a rage tsawon abin da ta kama sannan a cigaba. A nan ne abin ya faru. Gadon yana tsakiyar gangare, an taƙaita sarƙa ta biyu an maƙala, da ido ta miƙe, ashe ta kwanta ne a jikin falanki ta ɗan zagaya gefen katakon layi, akwai sako-sako a ɓoye. Da aka saki ta farko sai gadon ya zame baya kamar taki ɗaya ya tsaya da wata irin ƙara, gaba ɗaya motar sai da ta girgiza, katakon gefe ɗaya ya tsage, wani guntunsa ya faɗa daidai bakin ƙofar ƙasa. Taki ɗaya ne kawai, amma kaya in ya zame ya tsaya farat ɗaya abinda sarƙa take sha ya ninka nauyinsa, kuma daidai wurin da guntun katakon ya faɗa nan ne ƙanina ya nemi tsayawa da farko. Na leƙa na kira sunansa ya amsa daga bayan bango, sai da naji muryarsa sannan numfashina ya dawo. Ba wanda yace komai na ɗan lokaci. Alhaji ya bi sarƙar gaɓa-gaɓa da hannu yana dubawa ko wata ta buɗe, ya duba shakul, ya duba weji, sannan ya canza yadda ake musayar, daga nan ba'a ƙara sakin ta farko haka kawai ba, sai a juya cen bulok ɗin zuwa saukarwa a dinga sassautawa ƙyas-ƙyas har sai an ga ta biyu ta ɗau nauyin ta miƙe tsaf ta farko tayi laushi da kanta, sannan a cire.

Wuri na biyu mai haɗari shine bakin sama, kuma shi mun shirya masa tun farko. Abu mai tsawon ƙafa shida in yana hawa gangare hancinsa zai cigaba da tafiya sama cikin iska har sai tsakiyar nauyinsa ta wuce bakin matakalar, sannan ya rinjaya gaba ya faɗo da ƙarfi, sarƙa kuma tayi sako-sako a daidai wannan lokacin. Toh sai muka jera katakai gicciye akan juna a waje, tsayinsu ya kusa inda hancin zai kai, yanda in ya rinjaya ba zai faɗi fiye da faɗin tafin hannu ba, muka sa fayif mai kauri a bakin simintin dan sarƙa ta bi ta kansa kar ta ci bakin, sannan muka juyo da ɓangaren gado mai nauyi ya zama shine a gaba dan ya rinjaya da wuri tun hancin bai yi nisa ba. Ya rinjaya a hankali ya zauna, muka dinga zare katakan ɗaya bayan ɗaya ana ja har ya kwanta a ƙasa.

Gindin hagu, wanda moto da fulin ƙasa suke ciki, na ɗauka zai fi gado sauƙi amma yafi shi rashin daɗin sha'ani, dan dunƙulalle ne ba shi da gefen da yake kwanciya sosai. Mun cire moton mun kwantar dashi ta baya, mun kafa katakai kewaye dashi sun riƙe shi kamar akwati sannan aka ɗaure, dan bel kaɗai yana sassautawa in katako ya lotsa. Shi ma ya hau da musaya ɗaya ta sabuwar hanyar, ba abinda ya motsa.

Lodi a mota aikin Alhaji ne bamu sa masa baki ba, masu nauyi a tsakiya ɗan gaba da gatari, kowane yanki da ɗaurinsa, bayan ɗan tafiya ya tsaya ya sake ɗaurewa. Matar gidan ta sauka ta duba, banda ɗan karce a fentin ƙofar ƙasa ba abinda ya samu gidan, shi ma na nuna mata da kaina kafin ta gani dan mun yi rubutacciyar yarjejeniya cewa ɓarna a wuyana take.

Wajen shirya shi dan kwantena, akwatin katakon dole ya zama na katakon da aka gasa mai hatimin HT bisa ƙa'idar duniya ta katakon ɗaure kaya, ISPM 15, in ba haka ba ana iya tsare kaya a tashar ruwa, kuma duk inda ƙarfe yake tsirara mun cika shi da giris mun naɗe, dan makonni cikin kwantena akan teku zufa take haɗawa tsatsa ta kama layin gado. Moton kuwa bamu tura ba. Nashi mai ƙarfin wuta volt 220 ne mai layi uku akan 60 Hz, wutar Najeriya 50 Hz ce kuma layi ukunta wajen 400 ne, ko an samu yadda aka haɗa shi gudun zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, mai juyi 1725 a minti ya dawo wajen 1440, Kawu yace kar in biya kuɗin jirgi akan abinda zai samu a Panteka da rana tsaka.

Injin ya isa Kaduna ta Legas, Kawu da yaransa sun haɗa shi da hotunan da lambobin ledojin, ya zuba masa daɓe ya daidaita gadon da shim a ƙarƙashin ƙafafu har sai da sandar gwajin da yake sassaƙawa ta daina fitowa gefe ɗaya yafi ɗaya kauri, kan injin kuma ya zauna a mazauninsa kamar yanda ya faɗa. Abinda ya rage masa yanzu giya ce mai haƙora 127, sabida sandar tiredin injin ta inci ce, aikin da ake kawo masa kuma yawanci na motocin Japan ne masu tiredin milimita, kuma da yake inci ɗaya milimita 25.4 ne sai da wannan giyar lissafin yake fita daidai. Ita nake nema masa yanzu, tare da 'yar uwarta mai haƙora 100.